Hannuna ya kasa matsa birki, har na yanke shawarar sayar da kekena

Ban san wata sana'a ba sai ta kan keke. Mahaifina ne ya koya mini hawa tun ƙafata ba ta kai feda sosai, kuma a wurinsa na koyi faci da ɗaure sarƙa da gyaran birki irin na da, wanda roba biyu ke matse bakin wili. Da na girma na shiga aikin kai wa mutane saƙo da kaya, na yi shekaru ina tuƙa keken ƙafa, har gwiwoyina suka fara yi mini ƙorafi. A lokacin ne na tattara abin da na tara na sayi keken lantarki. Injinsa yana cikin tayar baya, yana da totur, nauyinsa kusan kilo 30 da batir. Aikin da nake yi a wuni guda sai na koma ina gama shi kafin rana ta yi sanyi, kuma na fara dawowa gida da sauran ƙarfi a jikina.

Birkin da ya zo da keken na faifai ne, wato wanda ke kama wani faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, amma waya ke jan sa. Idan ka matsa hannun birki, wayar ta ja wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya tura takalmin birki guda ɗaya, ya lanƙwasa faifan ya haɗa shi da ɗaya takalmin da ke tsaye. Yana kamawa, sai dai yana son a matsa shi da gaske, kuma yayin da takalman ke cinyewa hannun birkin yana ƙara zurfi, sai ka tsaya ka ɗaure. Nakan yi wannan gyaran a kai a kai ban ɗauke shi a bakin komai ba. Hannuwana na da ƙarfi a lokacin, yatsu huɗu nake ɗorawa in damƙe, keken ya tsaya.

Wata mota ce ta fito daga wata mahaɗar hanya ta buge ni ta gefen hagu. Ban ga tahowarta ba, don haka ban ma taɓa birki ba. Na sauka a kan hannuna na hagu, ƙashi ya karye a gwiwar hannu da kuma wuyan hannu. An yi mini aiki an sa ƙarfe. Ƙashin ya haɗe yadda likitoci suka yi fata, amma bayan an cire ɗaurin sai na ga ƙaramin yatsana da na kusa da shi ba sa jin maganata. Ina ganinsu, ina umartarsu su lanƙwashe, sai su ɗan motsa su tsaya. Gefen tafin hannun ya mutu murus, ko an soka mini abu ba na ji.

Likitan ya bayyana mini cewa akwai wata jijiya da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda idan mutum ya bugi wurin yake jin abu ya tsarga masa har yatsa. Ita ce ke kula da waɗannan yatsu biyu da mafi yawan ƙananan tsokokin cikin tafin hannu, kuma ita ce ta ji rauni. Ya ce jijiya tana sake tofowa, amma da kamar milimita 1 a rana. Na dubi tsawon da ke tsakanin gwiwar hannuna da kan yatsana, na yi lissafi a zuci, jikina ya yi sanyi. Ya ƙara da cewa ba zai yi mini alkawarin ƙarfin zai dawo gaba ɗaya ba. Na gode masa da ya gaya mini gaskiya, ko da yake a ranar ban ji daɗinta ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata. Ciwon jiki ana shan magani ya lafa. Abin da ya fi cin raina shi ne zaman gida, ina kallon matata tana fita neman abin da za mu rufa wa kanmu asiri da shi, ni kuma ko maɓallin rigata sai an taimake ni. Na zama mai saurin fushi. Yarana suka koyi yin shiru idan sun shigo ɗakin da nake, kuma wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo, domin ni ba haka nake da su ba. Da dare nakan farka in yi ta matsa hannun a cikin duhu, ko zan ji wani abu ya canza. Keken kuwa yana jingine a lungu. Abokan aikina sun kai shi an miƙe masa abin da ya lanƙwashe, an sauya tayar gaba, sun dawo mini da shi, amma na lulluɓe shi da tsohon zane don ba na son ganinsa.

Na dage da zuwa gashi. Matar da ke kula da ni a wurin ba ta da wasa, takan ba ni ƙwallon roba in matsa, ta sa ni tsintar ƙananan abubuwa, ta auna ƙarfin damƙata da wata na'ura ta rubuta. A hankali jin taɓawa ya fara dawowa, da farko da zafi irin na tsirawar allura, daga baya ya daidaita. Babban yatsa da manuni da na tsakiya sun dawo kusan yadda suke, domin wata jijiyar daban ce ke lanƙwasa su. Biyun nan na ƙarshe ne suka tsaya a rabi. Ban taɓa sanin yawan aikin da suke yi ba sai da na rasa su. Kaso mai yawa na ƙarfin damƙar mutum daga wannan gefen yake fitowa.

Da aka ba ni izinin gwada hawa, na fitar da keken zuwa wani fili da babu ababen hawa. Tafiya ba ta ba ni wuya ba, inji ne ke ja. Tsayawa ce ta gagara. A keken nawa hannun hagu ne ke riƙe da birkin gaba, kuma birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, saboda da zarar ka kama birki nauyin duka yana komawa kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sako-sako, ta fara jan ƙasa. Don in sami ƙarfin jan wayar dole in ɗora manuni da na tsakiya da na kusa da shi a kan hannun birkin. To idan na yi haka, babu abin da ya rage yana riƙe da kan keken sai babban yatsa da ƙaramin da ba shi da ƙarfi. Ko dai in riƙe keken, ko in tsayar da shi, ba na iya haɗa biyun. Na nufi wata alama da na ajiye a ƙasa, na kama birki, na wuce ta da nisa sosai, hannuna yana karkarwa. Na sake gwadawa, abin bai sauya ba. Na tuna cewa wannan fili ne babu kowa, babu kaya a baya, babu gangara, babu ruwan sama. Na sauka na tura keken zuwa gida da ƙafa.

Duk wanda ya hau keken lantarki ya san ba ɗaya yake da keken ƙafa ba wajen tsayawa. Keken ƙafa bai kai na lantarki nauyi ba, kuma mai shi yana tafiya a hankali. Nawa da ni da kayan da nake ɗauka mukan haura kilo 120. Ga gudu kuma: idan ka ninka gudunka sau biyu, aikin da birki zai yi ya tsayar da kai sau huɗu yake ninkuwa. Wanda ke tafiyar kilomita 30 a awa yana buƙatar ninki huɗu na abin da mai tafiyar kilomita 15 ke buƙata. A da ƙarfin hannuna ne ke cike wannan giɓin ban sani ba.

A daren nan na ce wa matata zan sayar da keken in nemi aikin gadi ko wani abin da ba ya buƙatar hannu biyu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Maigida, ni dai abin da na ji ka faɗa shi ne birkin ya yi maka tauri. Ban ji ka ce ba ka iya tuƙi ba. Kafin ka sayar, ka je ka tambayi waɗanda suka san abin." Na ji haushin maganar a lokacin, don gani nake ba ta fahimci girman abin da ya same ni ba. Amma maganar ta kwana da ni.

Akwai wani dattijo mai gyaran kekuna da babura, abokin mahaifina ne tun suna samari. Na kai masa keken, na ce, "Baba, so nake ka duba shi ka gaya mini abin da zai yi a kasuwa." Bai dubi keken ba, hannuna ya kama. Ya ce in matse yatsunsa biyu da dukkan hannun, na matse, ya gyaɗa kai. Ya ce in ja yatsansa da manunina kaɗai. Na ja, har ya ɗan yunƙuro. Sai ya ce, "Ɗana, wannan yatsan ya ishe ka. Birkin ne bai dace da hannunka ba." Ya kai ni wurin wani keke da aka kawo masa gyara, ya ce in ɗora yatsa ɗaya in matsa, in tura keken gaba. Na matsa da ƙarfin da bai fi na danna maɓallin fitila ba, tayar ta kafe, ta baya ta ɗaga sama. Na tsaya ina kallon yatsan nawa, ban iya cewa komai ba.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Birkin keken nan da mai yake aiki, babu waya a cikinsa. Cikin hannun birkin akwai ƙaramin fistin, wato ɗan abin da ke tura ruwa kamar na cikin sirinji, idan ka matsa sai ya tura mai ta cikin siririn tiyo zuwa kalifa, wato akwatin da ke rungume da faifan. Mai ba ya matsuwa, don haka duk abin da ka tura daga sama yana isa ƙasa. Fistin da ke cikin kalifa sun fi na sama faɗi, saboda haka ɗan ƙarfin yatsa yana ninkuwa kafin ya kai ga takalman, kuma takalman biyu ne ke matso faifan daga gefe da gefe lokaci guda. Daga baya na karanta cewa wannan ƙa'ida ce da Blaise Pascal, masanin nan na Faransa, ya bayyana tun ƙarni na 17, kuma ita ce birkin mota ke aiki da ita. Ita kuwa waya, tana gugar cikin rigarta a kowace lanƙwasa, rigar tana ɗan matsewa, ƙura da tsatsa suna shiga, sai wani kaso na ƙarfinka ya salwanta a hanya. Ga wani abu kuma da ya faranta mini rai: yayin da takalman ke cinyewa, fistin suna matsowa da kansu, hannun birkin yana nan inda ka saba jin sa, ba sai ka tsaya ɗaurewa ba.

Kuɗin bai zo mini da sauƙi ba, mutumin da ya daɗe ba ya aiki. Ƙanena ne ya ranta mini, ya ce in biya idan na koma hanya. Saboda haka ban yarda in sayi abin da zan sake saye ba, na zauna da Baba muka bi komai dalla-dalla. Akwai wani nau'i mai rahusa da ake barin wayar yadda take, kalifar kawai ke da mai a ciki. Ya fi na da kamawa, amma wayar da ke cinye ƙarfina tana nan, sai muka bar shi. Muka zaɓi mai fistin huɗu a gaba, mai biyu a baya. Faifan da ke kan keken milimita 160 ne, muka ɗaga shi zuwa 180, domin faifai mai faɗi yana ƙara ƙarfin kamu kuma ya fi jure zafi a doguwar gangara. Na so mu kai 203, Baba ya hana, ya ce kowane fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, yana da iyakar faifan da aka ƙera shi ya ɗauka, nawa bai kai nan ba. Faifai mafi girma yana buƙatar ɗan ƙarfen da ke ɗaga kalifa ta zauna daidai, kuma sai an duba ko cibiyar tayar mai ƙusoshi shida ce ko mai zobe ɗaya, don faifan ɗaya ba ya hawa ɗaya kai tsaye.

Batun mai kuwa ya ja mini kunne sosai. Iri biyu ne. Kamfanonin birki irin su Shimano da Magura da Tektro suna amfani da man ma'adinai, wasu kamfanonin kamar Hope da Hayes suna amfani da DOT irin na mota. Ba a haɗa su, ba a kuma zuba ɗaya a birkin da aka yi don ɗayan, domin robobin ciki za su kumbura su lalace. Man DOT yana shan danshi daga iska, yana cin fenti, yana buƙatar sauyi a kai a kai. Na ɗauki na ma'adinai.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne wanda mai keken ƙafa ba ya ma tunaninsa. Tsofaffin hannayen birkina suna da 'yar wayar lantarki da ke zuwa kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa injin, da zarar ka taɓa birki sai inji ya yanke. A keke mai totur, ko wanda injinsa ke ci gaba da turi na ɗan lokaci bayan ka daina juya feda, wannan ba abin ado ba ne. Idan babu shi, kana birki inji yana tura ka. Yawancin birkunan mai an yi su ne don keken ƙafa, ba su da wannan wayar. Ko dai ka nemi wanda aka ƙera da ita a ciki, ko ka manna 'yar na'ura da mayen ƙarfe a jikin hannun birkin, yadda idan ka matsa suka rabu wuta ta yanke. Mun samo wanda ke da ita a ciki, amma da aka zo haɗawa sai bakin wayar ya ƙi shiga: nasa mai ƙafa biyu ne, na kekena mai ƙafa uku. Sai da muka jira aka kawo wanda ya dace. Na ƙosa, na ce mu ɗaura haka nan in fara hawa kafin ya iso. Baba ya ce, "Ba a hannuna ba, ɗana." Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar ɗaurawa na zauna kusa da shi ina miƙa masa kayan aiki. Ya auna tiyon ya yanke daidai tsawon keken, ya cusa sabon ɗan bututun ƙarfe da zoben da ke toshe bakin, ya ɗaure. Ya cire takalman ya ajiye su nesa kafin ya buɗe mai, don ɗigo ɗaya idan ya taɓa su sun tashi aiki, sai dai a sauya. Da sirinji ya tura mai daga ƙasa zuwa sama yana ƙwanƙwasa tiyon, ina kallon ƙananan kumfa suna fitowa. Iska tana matsuwa, shi ya sa idan ta maƙale a ciki hannun birkin yake yin laushi har ya taɓo kan keke ba tare da ya kama ba. A tayar baya kuwa kalifar ta zo dab da jikin injin, da a ce faifan 160 muka bari da ta goge shi. Faɗin sabon faifan ne ya ɗaga ta ta sami sarari.

Shawara ɗaya ni na kawo ta: a mayar da birkin gaba hannun dama. A Ingila haka ake ɗaura kekuna, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hagu ne gaba, babur kuma dama ne. Na ga ya fi mini hankali in ba hannun da ke da lafiya aikin da ya fi nauyi. Baba ya amince, amma ya gargaɗe ni cewa hannu yana da abin da ya saba, sai na koya masa sabo kafin in shiga cikin motoci. Ya matso da hannayen birkin ciki kaɗan yadda manuni zai faɗa daidai kan ƙugiyar ƙarshensu, ya juya ɗan sukurun da ke kusanto da su ga yatsa.

Na koma filin nan. Sababbin takalma ba sa kamawa sosai sai an gasa su, wato ka ɗauki gudu matsakaici ka rage shi da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, ka yi ta maimaitawa har wani siririn shafi daga takalmin ya zauna a jikin faifan. Ina yi ina jin kamun yana ƙaruwa. Sannan na ajiye alama na nufe ta. Yatsa ɗaya a dama, yatsa ɗaya a hagu, na tsakiya da babba suna riƙe da kan keken. Na tsaya kafin alamar. Na zauna a gefen filin na yi kukan da ban yi ba tun ranar haɗarin, ina ta cewa Alhamdulillah.

Sai da na yi makonni ina atisaye kafin in karɓi saƙon farko. Birkin mai yana son hannu mai taushi, wanda ya damƙe shi yadda ya saba damƙar na waya zai iya kafe tayar gaba ya kifa, musamman a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar hanya. Na koyi matsawa a hankali in ƙara, in tura jikina baya idan zan tsaya da gaggawa, in riƙa kamawa ina saki a doguwar gangara don kada faifan ya yi zafin da kamunsa zai ragu.

Ba zan ce birkin ya warkar da komai ba. Da ina da shi ranar da motar ta buge ni, da ba abin da zai hana, tunda ban gan ta ba. Tsoron mahaɗar hanya ya daɗe tare da ni, har yanzu nakan rage gudu a inda abokan aikina ke wucewa a guje, kuma ba na jin kunyar hakan. Yatsun nan biyu ba su dawo duka ba, idan gari ya yi sanyi suna ƙagewa, sai na tsaya na murza su. Shi ma birkin yana da nasa nauyin: idan waya ta tsinke a hanya kowane mai gyara zai sauya maka ita, idan tiyo ya fashe kuwa sai ka tura keken zuwa inda ake da kayan aikinsa. Duk da haka ba zan koma ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar da kekuna masu nauyi da inji mai ƙarfi, a ɗora musu birki mafi arha, domin mai saye gudu da nisan batir yake tambaya. A wurin aikinmu kusan kowa yana tara kuɗi ne don babban batir ko don a ƙara wa inji gudu. Idan na ga wani yana matsa birki har ya taɓo kan keke, nakan tsayar da shi in ce ya hau nawa ya zagayo.

Na biya ƙanena bashinsa. Na sayi sirinji da mai na koyi fitar da iska da kaina, Baba yana tsaye a kaina har ya gamsu. Ina leƙa takalman da fitila, in sauya su kafin abin da ya rage ya kai rabin milimita, ina goge faifan da sifirit kawai, ina duba kaurinsa da adadin da aka rubuta a jikinsa. Idan zan cire taya nakan cusa ɗan katako mai tsabta tsakanin takalman, don kada yara su matsa birkin fistin su fito. Kwanan baya wata abokiyar aikinmu da amosanin gaɓɓai ya fara kama wa yatsu ta ce mini tana shirin barin aikin. Na tambaye ta wane irin birki ne a kekenta, ta ce na waya. Mun yi da ita ranar hutu zan raka ta wurin Baba, kuma na ce ta ɗauki hoton bakin wayar da ke yanke injinta kafin mu tafi.